Tsaron Wa Ake Nufi? Fashin Baƙi Kan Mazhabar Rajin Mata A Hulɗar Ƙasa Da Ƙasa

A watan Satumba na 1995, wasu sojojin Amurka uku da ke tsibirin Okinawa na ƙasar Japan suka ɗauki hayar mota, suka sace wata 'yar makaranta mai shekara 12, suka yi mata fyaɗe. Da al'amarin ya bi hanyar da irinsa suka saba bi, da iyakarsa ofishin 'yan sanda da kotu. Sai ga shi a watan Oktoba dubun dubatar mutanen tsibirin sun fito gangami, gwamnan yankin kuma, Masahide Ota, ya ƙi sa hannu a takardun da ke tilasta wa masu filaye ci gaba da bai wa sansanonin Amurka haya. Ana cikin haka sai babban kwamandan rundunar Amurka a yankin tekun Fasifik, Admiral Richard Macke, ya ƙara dagula lamarin. Ya ce wa 'yan jarida abin da sojojin suka yi wauta ce, domin kuɗin da suka biya na hayar motar ya ishe su su nemi karuwa. Wannan furuci ne ya ci kujerarsa. A watan Afrilu na 1996 gwamnatocin biyu suka sanar da cewa za a mayar wa Japan filin jiragen yaƙi na Futenma, alkawarin da har yau ake ja-in-ja a kan cika shi.

To, a wane babi na ilimin hulɗar ƙasa da ƙasa za a sa wannan labari? In da tsofaffin littattafan fannin za a bi, babu inda zai shiga. Laifi ne na ɗaiɗaikun mutane, aikin 'yan sanda. Amma ga shi ya girgiza ɗaya daga cikin manyan ƙawancen soja na duniya. Wannan giɓi, tsakanin abin da littafi ya ce shi ne siyasar duniya da abin da ke motsa ta a ƙasa, a cikinsa ne mazhabar rajin mata ta kafa sansaninta.

Tun da aka buɗe kujerar farfesa ta farko a wannan fanni a Aberystwyth ta ƙasar Birtaniya a 1919, tambayar da ta fi damun masanansa ita ce dalilin da ya sa ƙasashe ke yaƙi da kuma yadda za a hana su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mazhabar da ake kira ta 'yan zahiri ta karɓe ragama. Hans Morgenthau a 1948, sai Kenneth Waltz a 1979, sun koyar da cewa duniya ba ta da sarki ɗaya da zai tsawatar, saboda haka kowace ƙasa kanta ta sani, ƙarfinta ne garkuwarta. A wannan lissafi ƙasa dunƙulalliyar aba ce guda ɗaya mai buƙata guda ɗaya. Abin da ke faruwa a cikinta, balle a cikin gidajen mutanenta, ba ruwan masanin hulɗar ƙasashe da shi. Masu sassaucin ra'ayi sun yi musu a kan cewa ciniki da hukumomin duniya na iya sa ƙasashe haɗa kai, amma su ma a saman bene suke kallo: shugabanni, jakadu, janar-janar, manyan bankuna.

Sai a ƙarshen shekarun 1980 wasu mata masana suka fara tambayar ko me ya sa wannan fanni, shi kaɗai cikin fannonin nazarin zamantakewa, ya kusa cika shekara 70 bai taɓa waiwayar rabin mutanen duniya ba. A 1988 mujallar Millennium ta makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan ta ware fitowa guda sukutum a kan batun, kuma da yawa daga nan suke fara ƙirga tarihin mazhabar.

Ina matan suke?

Tambayar da Cynthia Enloe ta yi ke nan a littafinta na 1989, kuma sauƙinta ne ya sa ta yi kaifi. Ba wai tana neman mata a kujerun mulki ba ne, don ta san ba su da yawa a can. Cewa ta yi a leƙa ƙarƙashin abubuwan da ake kira manyan lamurra a ga wa ke ɗauke da su. Sansanin sojan da wata ƙasa ta kafa a wata ƙasa, wa ke wanke kayan sojojin, wa ke dafa musu, su wa ke cikin mashayun da ke bakin ƙofarsa? Jakadan da ake yaba wa iya hulɗa, wa ke shirya liyafar da a cikinta ake ƙulla amana kafin a je teburin tattaunawa? Shekaru da dama gwamnatoci na samun ma'aikata biyu da albashin mutum ɗaya, jakada da matarsa. Ita kuwa macen da ta shiga aikin jakadanci da kanta, a Birtaniya da Amurka har zuwa farkon shekarun 1970, ranar da ta yi aure ranar take ajiye aiki.

Wata masaniya, Katharine Moon, ta bi wannan sawu zuwa Koriya ta Kudu, ta fito da abin da ya fi ƙarfin a kira shi zato. A farkon shekarun 1970, lokacin da gwamnatin Nixon ta janye wani kaso na sojojin Amurka daga ƙasar, hankalin gwamnatin Park Chung-hee ya tashi, tana tsoron kada sauran ma su tafi. Cikin abubuwan da ta yi don faranta wa rundunar Amurka rai har da shirin "tsabtace" garuruwan da ke kewaye da sansanonin: aka yi wa matan da ke zaman kansu a wurin rajista, ana tilasta musu gwajin cututtuka, wadda aka samu da ciwo a tsare ta. Jikin waɗannan mata ya zama wani ɓangare na cinikin tsaro tsakanin gwamnatoci biyu. A 2022 Kotun Ƙolin Koriya ta Kudu ta tabbatar da cewa gwamnati na da alhaki a wannan tsari, ta ce a biya matan diyya. In aka dubi wannan, furucin Macke ba suɓutar baki ba ce. Ya faɗi abin da tsarin ya daɗe da ɗauka a matsayin al'ada.

J. Ann Tickner ta ɓullo wa lamarin ta wata fuska. A 1988 ta ɗauki ƙa'idoji shida na Morgenthau ta sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Hujjarta ita ce siffofin da fannin ke yaba wa ƙasa da su, wato tsayuwa da ƙafa ɗaya, rashin dogaro da kowa, taurin zuciya, danne tausayi, su ne dai siffofin da al'ummomi da dama ke jingina wa cikakken namiji. Waɗanda ake kira rauni kuwa, neman sulhu da dogaro da juna, su ake jingina wa mace. Saboda haka abin da aka gabatar a matsayin halin ɗan Adam gaba ɗaya, ashe halin wani rukuni ne na maza da ke rike da mulki. Daga nan ta jefo tambayar da a ganina ita ce babbar gudummawar mazhabar duka: in an ce tsaro, tsaron wa ake nufi? Ƙasa na iya tsare iyakokinta tsaf, ta tara makamai, alhali macen da ke cikinta ba ta tsira daga duka a ɗakinta ba, ba ta tsira daga mutuwa wurin haihuwa ba, wani lokaci ma sojan da aka ce shi ke kare ta shi ne abin tsoronta.

Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Carol Cohn. A tsakiyar shekarun 1980 ta shafe kusan shekara guda tana zama cikin masana dabarun yaƙin nukiliya na Amurka, tana sauraren yadda suke magana. Ta tarar da harshe wanda aka wanke shi tas daga jini. Akwai bam "mai tsabta". Mutanen da za su ƙone ƙurmus sunansu "ɓarnar gefe". Bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima "ƙaramin yaro" ne, kuma da gwajin bam ɗin haidurojin ya yi nasara a 1952, saƙon da masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera shi, Edward Teller, ya aika shi ne an haifi namiji. Abin da ya ba ta tsoro shi ne da ta koyi harshen sai ta ji daɗinsa, ta kuma lura cewa a cikinsa babu kalmomin da za ta yi tambayoyin da suka kawo ta.

A wani rubutun da ta yi a 1993 ta kawo labarin da wani masanin kimiyyar lissafin makamai ya ba ta. Suna zaune suna ƙiyasin wani hari, suka ɗan sauya lissafi, sai adadin waɗanda za su mutu nan take ya sauko daga miliyan 36 zuwa miliyan 30. Kowa ya gyaɗa kai, ana cewa madalla, miliyan 30 kacal. Shi kuwa sai kunnensa ya ji abin da bakinsu ke faɗa, ya yi wuf ya ce a dakata, mutum miliyan 30 ne fa ake cewa kacal. Ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ya ko dube shi. Ya ce mata a lokacin sai ya ji kamar shi mace ne, kuma daga ranar ya kiyaye bakinsa.

A lura, labarin bai ambaci ko mace ɗaya a ɗakin nan ba. Duk da haka batun jinsi ne ya rufe bakin mutumin. Wannan shi ne abin da masu saurin yanke hukunci kan mazhabar ke tsallakewa: tana nazarin maza kamar yadda take nazarin mata, tana bin diddigin yadda tsoron a kira shugaba rago ke rage zaɓin da ke gabansa. Bayan gwajin nukiliyar Indiya na 1998, ɗan siyasar nan Bal Thackeray cewa ya yi dole ne su nuna wa duniya su ba babanni ba ne.

Gida ɗaya, ɗakuna da yawa

Kuskure ne a ɗauka masu wannan ra'ayi bakinsu ɗaya. Rigimar da ke tsakaninsu wani lokaci ta fi wadda ke tsakaninsu da 'yan zahiri zafi.

Akwai masu sassaucin ra'ayi, waɗanda matsalarsu ita ce an rufe wa mata ƙofa, maganin kuma a buɗe. Hujjarsu a bayyane take: daga Trygve Lie zuwa António Guterres, mutum tara suka riƙe kujerar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, dukkansu maza. Wannan reshe shi ya fi samun karɓuwa wurin gwamnatoci, don abin da yake nema ana iya ƙirga shi a sa a rahoto. Rauninsa kuma shi ne bai cika tambayar ko kujerar da ake son mace ta hau tana da lafiya ba.

Akwai kuma masu ganin cewa mata, saboda reno da kula da rai da suka saba, sun fi karkata ga zaman lafiya. Ra'ayin na da tarihi mai daraja. A watan Afrilu na 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, mata fiye da 1,000 daga ƙasashe 12, har da masu gaba da juna, suka taru a birnin Hague ƙarƙashin jagorancin Jane Addams, suka aika wakilai wurin shugabannin Turai suna neman a shiga tsakani. A 1919 suka sake taruwa a Zurich, suka yi gargaɗin cewa sharuɗɗan yarjejeniyar Versailles za su haifi wani yaƙin. Shekara 20 bayan nan maganarsu ta tabbata.

Sai dai tarihin bai tsaya a nan ba. Indira Gandhi ce ta jagoranci yaƙin 1971 da Pakistan, a zamaninta kuma Indiya ta fara gwajin nukiliya a 1974. Margaret Thatcher ta tura jiragen ruwan yaƙi tsibiran Falkland a 1982. A 1996, da aka tambayi Madeleine Albright, jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, game da rahotannin mutuwar yara rabin miliyan sakamakon takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iraƙi, ta ce a ganinsu kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daga baya an yi jayayya a kan adadin, ita ma ta ce ta yi nadamar furucin, amma ya riga ya fita. Mafi muni, Pauline Nyiramasuhuko, ministar harkokin iyali da ci gaban mata ta Ruwanda a 1994, kotun duniya ta musamman kan Ruwanda ta same ta da laifin kisan ƙare dangi a 2011, har da ingiza mayaƙa su yi wa mata fyaɗe.

Shi ya sa yawancin manyan masanan mazhabar suka guje wa wannan da'awa. Da masanin siyasar nan na Amurka Francis Fukuyama ya rubuta a 1998 cewa halitta ce ta sa mata suka fi son lumana, don haka ƙasashen da mata suka yi rinjaye a siyasarsu na iya zama ganima ga ƙasashen da samari masu zafin kai ke mulki, Tickner ce ta fito ta ƙaryata shi. Ta gane tarkon. Duk wanda ya yarda mace tausayi ce zalla, ya ba da hujjar a ce ta koma gefe idan magana ta kai ga bindiga. Kuma wannan hoto na mace mai rauni da namiji mai kare ta, maza ma yana cin su. A garin Srebrenica na ƙasar Bosniya a watan Yuli na 1995 an ware mata da ƙananan yara an zuba su a motoci, aka kashe maza da samari kusan 8,000. Masaniya Charli Carpenter ta nuna yadda ɗaukar duk namiji baligi a matsayin mayaƙi ke sa masu agaji su bar fararen hula maza a baya, alhali su ake fara yankawa.

Reshen da ya fi yi wa sauran tsiya shi ne na masanan da suka fito daga ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. A 1984 Chandra Mohanty ta zargi takwarorinta na Yamma da ƙera wata halitta guda mai suna "macen duniya ta uku", jahila, matalauciya, wadda addini da al'ada suka danne, tana jiran mai ceto. Leila Ahmed ta tono labarin Lord Cromer, wanda ya juya Masar a madadin Birtaniya daga 1883 zuwa 1907. A Alƙahira yana kukan cewa lulluɓi ya danne matan Musulmi, alhali manufofinsa sun ƙuntata wa 'yan mata hanyar karatu. Da ya koma gida kuwa sai ga shi shugaban ƙungiyar masu adawa da bai wa matan Ingila 'yancin jefa ƙuri'a.

Wanda ke ganin wannan tsohon zance ne, ya dubi Afganistan. A watan Nuwamba na 2001 Laura Bush, matar shugaban Amurka, ta yi jawabi a rediyo ta ce yaƙi da ta'addanci yaƙi ne kuma na ƙwato wa mata haƙƙi da mutunci. Lila Abu-Lughod ta mayar da martani a 2002 da tambayar ko da gaske matan Musulmi ceto suke buƙata, kuma in an cece su, zuwa ina za a kai su. Ba musun zaluncin Taliban take yi ba, don matan Afganistan suna da ƙungiyoyinsu na gwagwarmaya tun shekarun 1970, lokacin da ba wanda ya damu da su. Abin da take cewa shi ne wanda ya ɗauki haƙƙin mata ya yi wa yaƙi riga, ranar da ya gaji da yaƙin zai tuɓe rigar ya yar. Haka kuwa aka yi. Yarjejeniyar da Amurka ta sa wa hannu da Taliban a Doha ranar 29 ga Fabrairu 2020 ba ta ambaci mata ba ko sau ɗaya. A tattaunawar da ta biyo baya, mata 4 ne cikin wakilan gwamnati 21. Taliban ta karɓe Kabul a watan Agusta na 2021, ta rufe wa 'yan mata makarantun sakandare, a Disamba 2022 ta haɗa da jami'o'i.

Reshen tattalin arziki kuwa bayaninsa gajere ne, ko da yake nauyinsa ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da reno da jinya wanda ba a biya, mata ne ke yin sa, kuma ba ya shiga lissafin arzikin ƙasa. Lokacin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka sa ƙasashe masu bashi rage kashe kuɗi a asibitoci da makarantu a shekarun 1980, aikin bai ɓace ba, gida ya koma, kan mata. Da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash ranar 24 ga Afrilu 2013, mutum fiye da 1,100 suka mutu, akasarinsu mata masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka. Arhar rigar da kuma kuɗin shigar da ƙasar ke alfahari da su, duk a kan arhar guminsu aka gina su.

Manyan fannin ba su karɓi wannan duka hannu biyu ba. Robert Keohane, wanda ya fi sauran sauraro, ya ce a kawo hasashen da za a iya gwadawa da alƙaluma. Tickner kuwa ta rubuta a 1997 cewa matsalar ta fi nan zurfi, don ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke yi ba. Wasu kuma suka karɓi ƙalubalen. Mary Caprioli a 2000, sai Valerie Hudson da abokan aikinta a 2012, sun nuna da alƙaluma cewa ƙasashen da suka fi danne matansu sun fi saurin amfani da ƙarfi a rikicinsu da maƙwabta. Binciken na da ƙarfi, amma a yi hattara da shi. Tafiyar abu biyu tare ba ta nuna wanne ya haifi wanne, kuma wasu daga cikin ƙasashen da ke saman jadawalin daidaito su ne ke sayar da makaman da ake yaƙin da su a wani wuri.

Daga aji zuwa zauren Majalisa

Inda tasirin ya fi fitowa fili shi ne shari'a. Shekaru aru-aru ana ɗaukar fyaɗe a lokacin yaƙi kamar wani abin da ba makawa, ganimar mayaƙi. Da aka gurfanar da Jean-Paul Akayesu, tsohon magajin garin Taba na Ruwanda, a gaban kotun duniya ta musamman kan Ruwanda, takardar tuhumarsa ta farko ba ta ƙunshi fyaɗe ba sam. Wata shaida ce, tana ba da bayani a kan wani abu dabam, ta ambaci cewa an yi wa 'yarta mai shekara 6 fyaɗe. Navanethem Pillay ta Afirka ta Kudu, mace ɗaya tilo cikin alƙalai ukun, tana cikin waɗanda suka bi zancen da tambayoyi, ƙungiyoyin mata suka matsa lamba daga waje, aka gyara tuhumar a 1997. Ranar 2 ga Satumba 1998 kotun ta yanke hukunci, karo na farko a tarihi, cewa fyaɗe na iya zama hanyar kisan ƙare dangi. A nan dole a ba masu ƙirga kujeru gaskiyarsu: wanda ke zaune a kan kujerar ya yi tasiri.

Ranar 31 ga Oktoba 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 1325 kan mata da zaman lafiya da tsaro. Abin lura, Namibiya ce ke shugabantar kwamitin a watan, Bangaladash kuma ta share fage tun watan Maris, wanda ke karya zancen cewa batun kayan Turawa ne zalla. Ƙudurin ya nemi a sa mata a teburin sulhu, a kare su a lokacin rikici, a yi la'akari da su wajen rigakafi da sake gina ƙasa. Ƙasashe fiye da 100 sun rubuta tsarin aiwatar da shi.

Matan Laberiya ba su jira takarda ba. A 2003, Kirista da Musulmi, sanye da fararen kaya, suka yi ta zaman dirshan a Monrovia ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee har shugaban ƙasar, Charles Taylor, ya yarda ya gana da su. Da tattaunawar Accra ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, shugabannin mayaƙa na hutawa a otal ana ruwan harsashi a gida, sai matan suka zauna a ƙofar zauren suka sarƙe hannuwa suka ce ba mai fita. Da jami'an tsaro suka zo kama Gbowee, ta yi barazanar tuɓe kayanta a gabansu, suka ja da baya. Mai shiga tsakani, Janar Abdulsalami Abubakar, ya mara wa matan baya. An sa hannu ranar 18 ga Agusta. Ba su kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin ba, don 'yan tawaye sun riga sun ƙure Taylor, sammacin kotu kuma na kansa. Amma waɗanda suka tilasta wa zauren yin abin da ya tara shi, ba su da kujera a cikinsa.

Haka abin yake kusan ko'ina. Alƙaluman da Majalisar Ɗinkin Duniya kanta ke ambatawa sun nuna daga 1992 zuwa 2019 mata kashi 13 cikin 100 ne na masu tattaunawa a manyan shirye-shiryen sulhu, kashi 6 na masu shiga tsakani, kashi 6 na masu sa hannu. Sannan daga sassan ƙudurin, wanda gwamnatoci suka fi runguma shi ne na kariya, wato mace a matsayin abin tausayi, sai kuma ƙara yawan mata a kakin soja. Batun hana yaƙin kansa da rage makamai, wanda shi ne asalin abin da ya tara masu fafutukar, an yi shakulatin ɓangaro da shi. Cora Weiss, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wa ƙudurin aiki, ta yi kashedin cewa ba a yi shi don a mayar da yaƙi wurin da mata za su zauna lafiya ba.

A 2014 Sweden ta zama ƙasa ta farko da ta ce manufofinta na ƙetare gaba ɗaya na rajin mata ne, ƙarƙashin ministar harkokin waje Margot Wallström. Ba a jima ba aka gwada ta. A farkon 2015 ta soki bulalar da aka yi wa marubucin intanet Raif Badawi a Saudiyya, sai aka hana ta jawabin da aka gayyace ta yi a taron Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Alƙahira, Saudiyya ta janye jakadanta, Sweden kuma ta ƙi sabunta yarjejeniyar haɗin gwiwar soja da ke tsakaninsu. Manyan 'yan kasuwar ƙasar suka yi ca a kan gwamnati. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin Saab na Sweden ya ƙulla cinikin jiragen leƙen asiri da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda a lokacin take cikin yaƙin Yaman. Kanada ta ayyana manufar agajinta ta rajin mata a 2017, ta yi cacar baki da Saudiyya a 2018 kan mata masu fafutuka da aka tsare har aka kori jakadanta, amma cinikin motocin sulke na kusan dalar Kanada biliyan 15 bai tsaya ba. Faransa da Meziko da Sifaniya da Jamus sun bi sahu da nasu sunayen. A Oktoba 2022 sabuwar gwamnati ta hau a Sweden, ministan harkokin wajenta Tobias Billström ya ce an ajiye sunan.

Ni dai a nawa ganin, mazhabar ta fi ƙarfi a matsayin tambaya fiye da a matsayin tuta. In tambaya ce, tana tilasta wa mai nazari ya bi sawun kuɗi da makami da yarjejeniya har inda suka sauka a jikin mutum. In ta zama tuta a hannun gwamnati, tana kaɗawa ne iyakar inda ba ta taɓa ciniki ba. Yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya, wadda aka amince da ita a 2013 ta fara aiki a Disamba 2014, misali ce mai kyau ta duka biyun. Bayan doguwar fafutukar ƙungiyoyin mata, sashe na 7 ya wajabta wa ƙasar da za ta sayar da makami ta duba yiwuwar a yi amfani da shi wajen cin zarafin mata da yara kafin ta ba da izini. Ba a taɓa samun irin wannan sharaɗi a wata yarjejeniyar makamai ba. Sai dai Amurka, wadda ta fi kowa sayar da makamai, ta sa hannu ba ta tabbatar ba, Rasha ko hannun ba ta sa ba. Ga waɗanda suka shiga kuwa, mai auna haɗarin da yanke hukuncin ko ya kai a fasa cinikin, ita ce dai ƙasar da ke son sayarwa.